Jini Ya Riga Hoto Magana

Shekara biyu ta yi tana shan letrozole da palbociclib, kuma sankarar maman da ta riga ta sauka a ƙashin bayanta ta kwanta lamo. Hoton asibiti na ƙarshe bai nuna sabon abu ba, jikinta ma bai kawo ƙara ba. Jininta ne ya tona asiri: an tsinci ɓurɓushin wata ƙwayar gado mai suna ESR1 wadda ta sauya kama.

Mafi yawan sankarar mama da sinadarin istirojin take rayuwa, letrozole kuwa horo da yunwa yake yi mata. Idan tafiya ta yi nisa, wasu ƙwayoyin cutar kan sauya makarɓar sinadarin, ta koma aiki ko ba a ba ta komai ba, tamkar ƙofar da sakatarta ta karye. Daga nan ƙarfin maganin ya soma zuƙewa, kodayake hoto kan ɗauki watanni kafin ya shaida.

Al'adar likitoci ita ce a jira hoto. Likitarta ta kawo wata shawara: gwajin SERENA-6 na camizestrant, ƙwayar kamfanin AstraZeneca mai ruguza makarɓar ita kanta. Sharaɗin da nauyi. Kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'a, kuma daga ita har likitar babu wanda zai san ko sabon maganin take haɗiya ko tsohon. An gaya mata cewa wasu kan ga walƙiya a gefen ido, bugun zuciyar wasu kan yi sanyi.

Ta binciki ɗan'uwan maganin, elacestrant, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2023. A masu irin sauyinta, ya riƙe cutar wata 3.8, tsofaffin magunguna wata 1.9. A takarda wata biyu ba komai ba ne. Amma 'yarta tana da cikin wata biyar, ita kuma lissafin da take yi ke nan. Ta sa hannu.

A Yunin 2025 aka bayyana sakamako a Cikago. Cikin mutum 315, waɗanda aka sauya wa magani sun samu tsaka-tsakin wata 16 kafin cutar ta motsa, sauran wata 9.2. Ko hakan zai ƙara tsawon rai, alƙaluman lokacin ba su isa yanke hukunci ba. Ta karanta labarin a waya, jikarta tana ja mata gilashin ido.