Wasiƙa daga Faransa: kafin ka sayi kyamarar nan

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maman yara da yaran baki ɗaya. Yaya ƙafar Hajiya? Ka ce mata man zafin da ta ce in nema yana nan na ajiye, sai kun zo ku tafi mata da shi.

Na ji saƙonka, kuma na yi murna ƙwarai da bizarku ta fito. Ka ce in gaya maka kyamarar da za ka saya saboda ranar da za mu kai yara Disneyland. Na so in amsa ta saƙon murya, sai na tuna halinka: abin da ba a rubuce yake ba, rabi kake ji.

Gaskiyar magana, wayar da ke hannunka za ta yi maka yawancin aikin. Wurin nan ba ƙarami ba ne. Tun 1992 aka buɗe shi a gabas da birnin Faris, tafiyar kamar minti 40 a jirgin ƙasa daga tsakiyar gari, kuma daga safe har dare a ƙafa za ka yini, ga jaka, ga auta da za ta ce sai an ɗauke ta. Duk abin da ka rataya a wuya da safe kana jin ba komai, kafin la'asar ya zama kaya. Amma na san ka riga ka sa rai, to ka nemi ƙarama mara nauyi. Canon EOS R50 giram 375 ce kafin a ɗaura mata gilashi, kuma gilashin da ake haɗa ta da shi ya ishe ka. In kuɗin sun yi yawa, ka nemi Sony a6000 ta hannu; tun 2014 ta fito, har yau ba ta ba mai ita kunya. Kada yaron shago ya cika ka da surutun lambobi ya ɗora maka ƙatuwa irin ta masu ɗaukar biki. Ƙarin batir ɗaya da memori biyu sun fi maka amfani. Ka kuma sayi abin sauya bakin caja, domin soket ɗin nan ƙafa biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai ƙafa uku ba.

Ka saye ta yanzu, ba ana gobe tafiya ba. Ka riƙa bin yaran da ita a tsakar gida bayan la'asar suna guje-guje. In hoton yana fitowa dishi-dishi, ka nemi wurin da ake saita saurin ɗauka, ka kai shi 1/500. Kuma ka riƙa durƙusawa daidai tsawonsu. Wanda ya ɗauki yaro daga tsaye, tsakiyar kansa kawai yake samu.

Abin da ba wanda zai gaya maka a shago shi ne batun fatarmu. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, shi ya sa aka daɗe fim ba ya yi wa baƙar fata adalci. Na'urorin yanzu sun gyaru sosai, amma har yanzu kyamara hasken wuri gaba ɗaya take aunawa. Ka tsayar da yaran gaban fadar nan mai ruwan hoda da kowa ke hoto a gabanta, sararin sama ya yi fari fat a bayansu, sai ta rage haske don ta fitar da fadar, fuskokin 'ya'yanka su dushe, haƙora da fararen idanu kaɗai za ka gani. Maganin yana wurin alamar + da -: ka ɗaga ta zuwa +1, ka duba, in bai yi ba ka ƙara kaɗan. A waya kuwa, ka taɓa fuskar yaron a allo kafin ka danna. In ka samu inuwa, ka kai su inuwa. A watan Agusta da za ku zo rana ba ta faɗuwa nan sai wajen tara na dare, don haka hasken da ya fi kyau daga ƙarfe bakwai yake farawa, kada ka cinye batirinka da tsakar rana.

Sandar nan ta ɗaukar hoton kai kuwa ka bar ta a gida, sun hana ta tun 2015, kuma ana duba jaka a ƙofa. A cikin wuraren duhu, irin kwalekwalen Pirates of the Caribbean, ba a kunna filasha. Ka mayar da kyamarar jaka ka riƙe hannun auta, don za ta tsorata. Ka gaya wa maman yara hijabinta ba matsala ba ne, ta dai ɗaure shi da kyau in za ta hau lilo. Niƙabi ne dokar ƙasar ta hana a bainar jama'a tun 2011.

Yanzu ga dalilin da ya sa na zauna rubutu.

Duk watan Satumba in an koma makaranta, yarana suna dawowa da takarda in sa hannu: shin na yarda a ɗauki hotonsu a aji, na yarda a sa shi a shafin makaranta? In na ce a'a, shi ke nan, ko bikin ƙarshen shekara ake yi malama za ta kauce musu. A watan Fabrairun 2024 kuma Faransa ta yi doka ta musamman kan hoton yara, wadda ta ɗora wa uwa da uba, su biyun tare, nauyin kare hoton ɗansu, har da sauraron ra'ayin yaron gwargwadon shekarunsa. Wato ko kai da ka haife shi ba ka da ikon yin yadda ka ga dama da fuskarsa a intanet. Saboda haka ranar da muka shiga wurin nan, komai kyan 'yar Baturiyar da ka gani cikin rigar gimbiya, kada ka ɗaga mata kyamara. Ba zagi za ka sha ba. Uban zai zo a hankali ya ce ka goge, kuma wannan ya fi zagi ciwo. In wani ya faɗo cikin hotonka daga nesa, wannan ba komai, wurin taro ne.

Ba wai ina cewa mutanen nan waliyyai ba ne. Su da ke kare fuskar yaro, su ne suka kafa kyamara a kan lilo tana ɗaukar ka baki buɗe kana ihu, ka sauko ka tarar da hotonka a allo ana jiran ka biya. Bin layin da ake yaba musu ma, tun 2021 wurin ya fito da tsarin da mai kuɗi zai biya ya wuce na gabansa, da rasit. Ga maƙwabcin da kuke bene ɗaya, gaisuwarsa ba ta wuce kalma guda. Akwai tsohuwa a ƙasanmu da ba na ganin mai leƙa ta sai ranar Lahadi, in na tuna Hajiya da jikoki zagaye da ita sai in gode wa Allah. Amma a wannan batu na hoto sun riƙe wani abu da mu muke sakewa.

Kuma namu ne tun asali. Wa ke wuce zauren gidan Baba ba sallama? Ko ɗan'uwa ne sai ya tsaya an ce ya shigo, don mata su gyara lulluɓi. Ɗaukar hoton mutum shiga gidansa ne, amma yanzu waya ta sa kowa yana kutsawa. Zuwana gida na ƙarshe, a wurin wani biki, wata da ban ma sani ba ta ɗauke ni ɗankwali ya zame, loma a baki. Kafin in koma masauki an turo mini shi daga wani shafin bukukuwa na Instagram, mutane suna ta sharhi a ƙasa. Wa zan kai wa ƙara? Jariri kuwa tun yana asibiti, ba a ko yi masa huɗuba ba, ya zaga wayoyin dangi da na waɗanda ba dangi ba. Yaron nan zai girma ya tarar da rayuwarsa a hannun mutanen da bai taɓa gani ba, ba wanda ya tambaye shi.

Sai abu na biyu, kuma kada ka ji haushi, yayarka ce. Tikitin mutum ɗaya na yini ɗaya a wurin nan ya fi mafi ƙarancin albashin wata na Najeriya, naira 70,000. Cikin masu kallon status ɗinka akwai direban ofis ɗinku, akwai 'ya'yan Kawu da aka koro saboda kuɗin makaranta. Ban ce ka ɓoye ni'imar Allah ba, guminka ne, ka ci halaliyarka. Amma hoto hamsin a jere kullum har ku dawo, wannan ya tashi daga godiya ya koma wani abu dabam. Ka tura wa 'yan gida a zaurenmu na WhatsApp, ka tambayi maman yara kafin ka sa nata ko'ina, ka tambayi ɗanka takwaran Baba shi ma, ya kai shekarun da zai ce ba ya so. In kun koma ka zaɓi kamar ashirin ka kai a wanke, ka saka su a albam ka kai wa Hajiya. Ka san ba ta ganin na waya sosai, ta fi son wanda za ta riƙe ta nuna wa baƙi. Ni kuma zan karɓi kyamarar in ɗauke ku tare, don mai riƙe da ita shi ne kullum ba ya fitowa.

Ka turo mini ranar da jirginku zai sauka da lambarsa, Baban yara zai je ɗauko ku. Ku taho da rigunan sanyi marasa nauyi ko da Agusta ne, dare yana yin iska. Kuka da busasshiyar kuɓewa ina so, amma don Allah kada ka sako kilishi a jaka. An hana shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, in an gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida maman yara da duk mutanen gida. Allah Ya kawo ku lafiya.

Wassalam,
Yayarka