Ɗiban Zuma a Doguwa

Mu mutanen Doguwa, a gefen dajin Falgore, bisa ɗorawa muke ɗora amya. Idan furen ɗorawa ya kaɗe, bazara ta matso, sai gardama ta tashi: a ɗiba, ko a dakata? Wata shekara muka yi gaggawa, don amya ta yi nauyi. Muka hau da dare da wutar yayi, ashe rabin saƙar 'ya'ya ne, sauran kuwa ba a rufe ba. Abin da muka tace bai yi wata guda a tulu ba ya yi tsami. Yanzu sai mun buɗe murfi mun leƙa tukuna. In ƙudan sun liƙe saƙa da kaki, sa'an nan mu yanka, mu rage musu na ci.