Monreyal, inda ake biyan kuɗin kwasar ƙanƙara

Monreyal babban birni ne a jihar Kebek, cikin ƙasar Kanada. Can, lokacin ɗari, ƙanƙara ke zubowa daga sama, fara fat kamar garin rogo. Wadda ke zuba a shekara ta kan kai tsawon mita 2.

Hukumar birni ke share tituna. Amma daga ƙofar gida zuwa titi, aikin mai gida ne. In bai share ba, motarsa ba ta fita, ya rasa zuwa aiki.

Don haka mutane da yawa suna shiryawa da mai tarakta, daga watan Nuwamba har Afrilu. Sai ya kafa sanduna bakin hanyar gidan don shaida. Da ƙanƙara ta kai santimita 5, ya zo ya kwashe.

Ladan ya kan wuce jika 100 na kuɗinmu, kuma tun farko ake yanke shi. In ƙanƙara ta yi yawa, mai gida ya ci riba. In ta yi kaɗan, mai tarakta ya ci.

A ƙauyukan Kebek, manoma da yawa ke wannan aiki, tunda ƙanƙara ta rufe gonaki. Aikin raninsu ke nan.