Safiyar Hunturu a Dagona, Tare da Masu Ƙidayar Tsuntsaye

Muna idar da sallar asuba muka bar Gashuwa, hazo ya lulluɓe hanya, sanyi yana ratsa ƙashi. Inda muka nufa shi ne Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙaramar hukumar Bade ta Jihar Yobe, a cikin fadamar Haɗeja da Nguru. Abokan tafiyata ɗalibai ne da wani malami mai ritaya, kowa da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a aljihu. Babu wanda ake biya ko sisi.

Aikin da ya kawo su ya girmi yawancinsu. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya a tsakiyar watan Janairu, cikin kwanaki ƙalilan, don kada tsuntsun da aka lissafa a nan ya tashi a sake lissafa shi a can. A lokacin ne baƙin da suka gudo wa sanyin Turai da Rasha, suka ƙetare Sahara, suke sauka cikin 'yan gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela.

Na ɗauka ɗaya bayan ɗaya za a bi su. Malamin ya yi murmushi, ya nuna mini dabarar. Ka ƙirga goma, ka riƙe girman tarin a idonka, sannan ka auna sauran garken da shi, goma-goma, in sun yi yawa ɗari-ɗari. Mutum biyu su yi, kowa shi kaɗai, sannan a gwada. Nawa lissafin bai zo ko kusa da na wata ɗaliba ba, kuma kafin in sake, shaho ya gifta, garken ya tashi gaba ɗaya. Aka koma farko, ba tare da ko tsaki ba.

Wani masunci da ya tsaya kallonmu ya tambaya, cikin raha, ko haraji za a sa wa agwagin. Ban ga laifinsa ba. Amma abin da ake rubutawa a littattafan nan ya shafe shi fiye da mu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Inda ruwa ya janye, tsuntsu ba ya sauka, kifi ba ya hayayyafa, shinkafa ba ta yi. Lissafin shekara ɗaya ba ya nuna wannan. Sai an jera na shekaru, daga bakin tafki ɗaya, a wata ɗaya, kafin a iya kai shi gaban masu sakin ruwan.

Da hantsi ya dubi ludayi hazon ya yaye. Muka zauna a gindin wata tsamiya ana haɗa alƙaluma, masuncin kuma ya tura kwalekwalensa ta wata 'yar kafa da ya sara a cikin kachala.