Ziyara Zuwa Wurnon Birnin Kudu: Darasin Cefane Daga Kasuwar Mako

 A wannan wata za mu nufi kudancin Jihar Jigawa ne, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, domin mu ga yadda mutanen da babbar kasuwarsu ba ta ci sai mako-mako suke riƙe tukunyarsu har kwana bakwai ba tare da an ji kansu ba. Maganar cefane kuwa ba ƙarama ba ce, domin sau da yawa rigimar da ake kaiwa gaban iyaye, idan aka bi salsalarta, daga nan ta taso. Maigida na cewa ya bayar, uwargida na cewa bai isa ba, mai shago kuma ga shi a ƙofar gida yana bin bashi.

Wace Wurno ce?

Da an ce Wurno, hankalin yawancinmu kan tafi Jihar Sakkwato ne, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, aka kuma binne shi a can a shekarar 1837. To, wannan Wurnon da za mu daban take. Tana ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Kudu, a masarautar Dutse, cikin Jihar Jigawa wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991.

Idan daga Kano kika taso, za ki bi ta Wudil ki haye gada, ki wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, sannan ki isa Birnin Kudu. Tun kafin ki shiga gari za ki fara ganin manyan duwatsu, wasu a kan wasu kamar da hannu aka jera su. A cikin kogunan waɗannan duwatsu ne ake da zanen shanu na mutanen da, irin na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masana suka fara bayyana wa duniya a shekarun 1950. A garin ne kuma ake da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Kwalejin Gwamnati wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta.

Da kin bar gari kin shiga karkara, sai gonaki iya ganinki: gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, ga itatuwan kuka da ɗorawa da tsamiya a tsakaninsu, ga rumbuna a bayan gidaje, ga rugagen Fulani nan da can. Lura da kyau 'yar'uwa, domin rabin cefanen mutanen nan ke nan a tsaye. Daga kuka ake samun miya, daga ɗorawa kalwar daddawa, daga tsamiya kunu, daga ruga kuma nono da man shanu.

Kasuwa ba ta jiran kowa

A Jigawa kowace babbar kasuwa da ranarta. Gujungu Lahadi take ci, Shuwarin Litinin, Maigatari Alhamis, sai Wudil ta maƙwabta a Jihar Kano ranar Juma'a. A nan kudu kuma akwai kasuwar Birnin Kudu da ta Sara a ƙasar Gwaram, inda manoma kan kai hatsi da dabbobi, fatake kuma su yi sari su loda zuwa birane. Ranar kasuwa tun da hantsi za ki ga hanya ta cika da babura da amalanken shanu da motocin ɗaukar kaya, matan Fulani kuma ɗauke da ƙorai a jere.

Wannan tsari shi ya koya wa matar karkara abin da mu na birni muka fara mantawa. Ke da shago ke bakin ƙofarki, da gishiri ya ƙare sai ki tura yaro, da rana ki sake turawa a sayo mai, da yamma a sayo dunƙule. Ita kuwa ta san in ta manta da abu ranar kasuwa, to ko dai ta haƙura sai wani makon, ko ta saya da tsada a cikin gari. Saboda haka tun daren jajiberin kasuwa take gama lissafinta. Ba ta fi ki kuɗi ba, dabara ce ta zame mata dole.

Kada ki ce ai ke ba kya zuwa kasuwa. Su ma yawancin matan aure a can ba sa zuwa. Maigida ne ke zuwa, ko babban yaro, ko wata dattijuwa da ake ba sautu. Ciyarwa dai nauyin miji ce a addini, amma sanin abin da ya ƙare da abin da ya saura, wannan fagenki ne. Ƙafar wani ce ke zuwa kasuwa, lissafin kuwa daga ɗakinki yake fitowa.

Daren jajiberi

Abu na farko, ki leƙa ma'ajiyarki kafin ki ambaci ko da abu ɗaya. Buɗe kowane bokiti da gwangwani ki ga abin da ya rage. Sau da yawa akan sayo barkono alhali akwai wani a ƙulle a bayan kwanuka.

Na biyu, ki tsara girkin kwana bakwai. Alal misali tuwon dawa miyar kuka, wake da shinkafa, dambu da zogale, ɗanwake, faten wake, tuwon masara miyar kuɓewa, sannan dafa-duka ranar Juma'a. Daga girkin ne jerin kaya zai fito, ba daga sha'awar ido a kasuwa ba.

Na uku, ki san awon gidanki. Idan kwano ɗaya na hatsi kuke ci a rana, to kwano 7 ke nan a mako. Buhun da ke cin kwano 40 zai kai ku kwana 40, buhu 3 kuma su riƙe ku wata 4. Matar da ta san wannan lissafi ba za ta wayi gari ta tarar da buhu ya ƙare ba shiri ba, kuma idan ta zo yi wa maigida magana, da hujja za ta yi.

Na huɗu, ki raba kuɗin tun a gida. A ce N20,000 aka ware na mako, wannan misali ne kawai, ke sai ki auna da halin gidanki da farashin garinku. Hatsi da wake N8,500. Mai N2,500. Kayan miya N2,500. Nama ko kifi ko ƙwai N2,500. Niƙa da itace da sabulu da gishiri N2,000. Kuɗin mota N1,000. Sauran N1,000 kuma a jefa a asusu domin baƙo ko rashin lafiya. Kada ki raina kuɗin mota a lissafi, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa kasuwa kansa ya zama kashe kuɗi. Shi ya sa maƙwabta biyu ko uku kan haɗa sautu su ba mutum ɗaya. Rubuta jerin a takarda, boko ko ajami, ki sa na dole a sama, na marmari a ƙasa. In kuɗi sun gaza, daga ƙasa za a yanke.

Mu shiga kasuwa

Kasuwar mako layi-layi take. Ga 'yan hatsi, ga 'yan mai, ga 'yan gwari masu kayan miya, ga mahauta, ga 'yan koli, ga kara inda ake cinikin dabbobi a gefe. Mai cefanen da ya san aikinsa ba ya saye da shigarsa. Yakan zaga tukuna ya ji farashi a wuri biyu ko uku, domin a layi ɗaya ma sai ki tarar da bambanci.

A fara da hatsi, kuma da wuri, lokacin da manoma ke sauke kayansu kafin 'yan sari su kwashe. Wanda ya saya a hannun manomi ya tsallake ribar mutum ɗaya ko biyu. A tura hannu har cikin buhu, kada a tsaya ga na sama. A duba tsakuwa da ƙaiƙayi, a duba wake ko ya fara huda, a shinshina ko akwai warin maganin ƙwari. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuwa ko kyauta ce a bar ta, domin tana ɗauke da dafin da ke illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Sannan a lura da ma'auni. Mudu da kwano da tiya ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, wani kwanon ma an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Allah Maɗaukaki ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye awo, don haka neman a cika miki mudu haƙƙinki ne, ba rowa ba ce. Idan kaya sun iso gida, ki sake aunawa da kwanonki. Da haka za ki gane mai awon da ya kamata a riƙa komawa wurinsa.

Daga hatsi sai mai da gishiri da sabulu da sauran abin da ba ya lalacewa. Mai a saya a kwalba ko galan, domin na ƙulle-ƙulle a leda shi ne ɓarawon da ba a gani. Ki gwada tara kuɗin man ƙullin da kike saye a mako ki kwatanta da na kwalba, za ki ba kanki amsa. Gishiri kuma a nemi na leda mai sinadarin ayodin, saboda yana kare iyali daga maƙoƙo, yana kuma taimaka wa ƙwaƙwalwar yara.

Tumatir da attarugu da alayyafo da nama su ne na ƙarshe. Idan la'asar ta yi sanyi, mai kayan gwari ba ya son komawa gida da abin da zai ruɓe masa, sai kashin ya ƙaru, gyara ma ta fi yawa. Sai dai kada araha ta sa a kwaso ruɓaɓɓe, domin araha ba ta ado. Wajen tayi kuma a yi da mutunci. In ya ce albarka, a ƙara kaɗan ko a wuce, ba sai an kushe kayan mutum ba. Shi ma iyali ya bari a gida suna jiran abin da zai kawo.

Sayen abu a lokacinsa

Babban sirrin matan wannan yanki shi ne sanin lokaci. Da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, hatsi da wake da gyaɗa kan sauko, sai su yi ta hawa har tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tumatir da tattasai da albasa kuwa da sanyi suke araha, lokacin da kayan noman rani suka fito, su yi tsada da faɗuwar damina. Don haka in tumatir ya yi araha sai a yanka a shanya a yi kauɗa, a busar da kuɓewa da tattasai, a daka kuka da barkono a zuba a mazubi mai murfi. Ranar da ake kukan tsadar kayan miya a birni, ita miyarta ba ta canza ba.

Idan kina adashi, ki roƙi a sa kwasarki ta faɗo da kaka, ki sayi buhu. Wake in za a ajiye, a nemi buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba, ko kuma jarka busasshiya a cika ta taf a toshe bakin sosai.

Kwano ɗaya, amfani uku

Wani abin koyi shi ne yadda ba a barin komai ya tafi a banza. Gyaɗa kwano ɗaya za ta ba da mai, ta ba da ƙuli-ƙuli na kwaɗo da yaji, a kuma ɗebi ta kunu. Waken suya ya zama awara, wadda ke maye gurbin nama a ranakun da aljihu ya yi sanyi. Dusar hatsi ta tafi ga kaji da awaki, su kuma su biya da ƙwai da kuɗin sallah. Ragowar tuwon dare ya zama ɗumamen safe. A bayan ɗaki kuma ga zogale da rama da yakuwa. Ke ma ko a gidan haya kike, tsohon bokiti ko buhun siminti ya isa ki shuka alayyafo.

Sai dai a kula, tattali daban, ƙwauro daban. Kada a ce ana tsimi a bar yara da tuwo da ruwan miya kullum. Wake da gyaɗa da ganye da nono ba su kai nama tsada ba, kuma suna gina jiki. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye su ne na gaba wajen rabo. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Furƙan, ya yabi bayin Allah da cewa tsaka-tsaki suke wajen ciyarwa, ba almubazzaranci ba kuma ƙuntatawa.

Da yamma liƙis, idan kasuwa ta watse, za ki ga babura na komawa ƙauyuka ɗauke da ƙullin hatsi da galan ɗin mai, yara na tarye a bakin hanya ana jiran tsarabar rake ko ƙosai. A cikin gida kuma uwargida ta shimfiɗa tabarma tana aunawa tana rabawa, wannan na yau, wannan na gobe, wannan na ranar da ba a sani ba.

To 'yar'uwa, ba sai kin koma Wurno ba kafin ki yi wannan. Zaɓi rana ɗaya a mako ki mai da ita ranar kasuwar gidanki. Ki samu lokacin da maigida yake cikin natsuwa, ki nuna masa takardar lissafinki cikin ladabi, ki nemi ya riƙa haɗa kuɗin mako a dunƙule in da hali, maimakon na kullum-kullum. Ku gwada na wata ɗaya ku gani. Da yawan maza ba ƙin bayarwa suke ba, rashin sanin inda kuɗin ke tafiya ne ke sa su gunaguni.

Allah ya sanya albarka a cikin abin da muke ci, ya buɗa wa mazajenmu ta hanyar halal, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.