Ni na ce tsoro yake ji

Tsakanin 2018 da 2021, duk wanda ya saba zama teburin mai shayin da muke taruwa a Jega ya san wani malamin makaranta mai kaifin baki da ya gama haddace damben Turawa. Ni ne. Rabona da naushin mutum tun ina firamare, kuma har gobe in za a yi mini allura sai na kau da kai, amma ba a tashi daga gardamar manyan 'yan damben duniya sai na yanke hukunci.

Mutum uku ake ta cacar baki a kansu a lokacin. Anthony Joshua, wanda asalin gidansu Sagamu ne a Jihar Ogun, ya doke Wladimir Klitschko a filin Wembley a Afrilun 2017 gaban 'yan kallo 90,000, kafin shekara ta zagayo ya haɗa kambu uku. Deontay Wilder na Amurka yana riƙe da na huɗun, na WBC, tun 2015. Ga kuma Tyson Fury da ya dawo fage bayan dogon hutu. Duniya ta so a haɗa Joshua da Wilder, aka yi ta ciniki har magana ta bi ruwa. Da Fury ya ƙwace kambun Wilder a Fabrairun 2020 sai ido ya koma kan Joshua da Fury. Har an ambaci Saudiyya da watan Agustan 2021, sai ga shi a watan Mayu komai ya wargaje.

Teburin namu ya rabu biyu. Masu kishin ƙasa suna cewa Fury ke zillewa, 'yan adawa suna cewa Joshua ƙirar jiki ce kawai. Ni kuwa na haye saman kowa: dukkansu matsorata ne, 'yan kasuwa ne da suka sa safar hannu. Ina da makami biyu da ba sa ƙi mini. Na farko Riddick Bowe, wanda a Disambar 1992 ya jefa kambun WBC cikin kwandon shara a gaban 'yan jarida a Landan maimakon ya kara da Lennox Lewis. Na biyu mazan jiya. Sai in ce Shago da Ɗandunawa, da Ɗan Anace ya raya sunansu da kalangu, ba su nemi lauya ba kafin su sa zare. A nan ake yi mini tafi, wani lokaci har a biya mini kuɗin shayi.

Wata rana wani ɗalibin jami'ar Aliero ya so ya ɓata mini wasa. Ya ce, "Malam, abin ba haka yake ba." Ya bayyana cewa hukumomin dambe huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce tana da wanda take tilasta wa zakaranta ya kara da shi, in ya ƙi ta karɓe kambunta. Ya ce Joshua yana hannun Eddie Hearn, Fury yana hannun Frank Warren da Bob Arum, kowane gida da tashar talabijin ɗin da ya ƙulla da ita. Ya ce abin da ya rusa karawar Agusta hukunci ne na wani mai sasanci a Amurka, wanda ya ce yarjejeniyar da Fury ya sa wa hannu ta wajabta masa karo na uku da Wilder. Na bari ya kai aya, na ce masa namijin da ke son faɗa ba ya rasa hanya. Aka yi dariya, yaro ya shanye shayinsa ya tafi.

Da a teburin shayi abin ya tsaya, da ba wanda ya cutu sai gaskiya. To ban bar shi can ba, na ɗauko shi na kawo gida.

Da kaka ta yi, aka gama yankan gero da dawa, aka kafa dambe a wani fili a gefen Jandutsi. Bayan la'asar ake farawa. Cikin baƙin da suka zo akwai wani ƙato, bahago, da ya wuni jiya yana zubar da samarinmu. Duk fatan gari ya koma kan wani saurayi mahauci, wanda a wurinsa nake sayen nama ranar kasuwa. Bahagon ya ratso fili, ya durƙusa a gabansa, ya miƙa masa dunƙulallen hannu. Yaron ya yi murmushi ya girgiza kai. Hannunsa na dama yana cikin riga. Bahagon ya zagaya, ya dawo, ya sake. Yaron ya sake girgiza kai.

Jinina ya hau. Ga Bowe a garinmu, ga kwandon shara. Na fara faɗa da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Wani dattijo cikin mahauta da ke zaune kusa da ni ya taɓo gwiwata ya ce, "Malam, bari shi. Yaron ga ba shi da lahiya."

Na ce, "Baba, ai kowane matsoraci da ciwonsa."

Bai ƙara magana ba. Ni kuma na yafito maroƙi, na danƙa masa naira 500, na raɗa masa cewa ya tuna wa yaron nan ɗan wane ne. Maroƙi ya san aikinsa. Ya kira sunan uban, ya kira na kakan, ya kira ubangidan da ya koya masa naɗin zare, ya tambayi fili ko gidan nan maza sun ƙare ne. Makaɗa suka ɗauki takensa. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ubangidansa ya riƙe masa riga, ya fizge, ya shiga fili yana kirari. Mutane suka ɗau sowa, ni kuma na waiwaya ina karɓar gaisuwa da ido, ina cewa, "Kun gani? Zuga kawai yake jira."

Turmin farko bai kai naushi ko ɗaya ba. Ya miƙa hagu yana karewa, ya ja damansa baya, yana ta zagaye. Ko wannan ma tsoro na karanta. A turmi na biyu bahagon ya buɗe, yaron ya saki hannu da iya ƙarfinsa, ya sauka a tsakar kan mutumin. Ba a kashe yaron ba, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Tsayawa kawai ya yi, ya rungume hannun a ciki, ya juya ya fita daga fili da ƙafarsa, kalangu yana ci gaba da kiransa.

Na bi mutane zuwa inda aka zaunar da shi. Ana warware zaren a hankali, zagaye bayan zagaye, yana cije leɓe. Da aka cire ƙyallen ƙarshe sai ga wuyan hannu ya kumbura ya karkace. Abin da ya tsaya mini a ido ba kumburin ba ne. Fatar wurin ta yi fari-fari ta yamutse, ga kuma sawun sandunan ɗori a jere, ba su ko gama ɓacewa ba. Dattijon nan yana tsaye a bayana. Bai dube ni ba, ya ce, "Sati ukku da kwance mai ɗori."

Zan so in ce tausayi ne ya fara zo mini. Ƙarya ne. Abin da na fara yi shi ne waige-waige, ina lissafin wa da wa suka ga na ba maroƙi kuɗi. Bayan haka sai zuciya ta shiga kare ni: ai ba ni na naɗa masa zare ba, ai maroƙi ko ba ni zai yi roƙonsa, ai baligi ne. Ina cikin wannan sai wani abu ya faɗo mini. Kasuwar da ta wuce na je rumfar yaron. Ƙanensa ne ya yanka mini nama, shi yana zaune a benci yana karɓar kuɗi da hagu, damansa a cikin riga. Har na yi masa ba'a cewa ya zama Alhaji, ya daina taɓa wuƙa. Na gani da idona. Ba labari aka ɓoye mini ba; an nuna mini a kasuwa, an faɗa mini a fili, na ture duka biyun saboda ba su dace da karatun da ake yi mini tafi a kansa ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta juya karatun nawa. Sai na ga ashe na gina shi yadda ba abin da zai iya ƙaryata shi. In ɗan dambe ya ƙi fita, tsoro ne. In ya fita, zugata ce ta yi aiki. In ya yi jinkirin kai hannu, tsoron ne bai sake shi ba. Ta ko'ina ni ke da gaskiya, kuma ban taɓa tsarguwa ba. Ɗan kallo abu ɗaya yake gani, wato ba a kara ba. Dalilin yana can inda ido ba ya kaiwa, sai mu cike gurbin da abin da ya fi daɗin faɗa. Kai ma mai karatu, in ka taɓa zama gidan kallon ƙwallo, ka san daɗin nan.

Alhali ko a damben namu dalilan ƙin sa zare suna da yawa, kuma na san su. 'Yan ɓangare ɗaya, Kudu ko Arewa ko Guramada, ba kasafai ake haɗa su ba. Ɗan dambe ba ya ɗaga wa ubangidansa hannu. Wani kuɗin da aka yanka masa ne bai kai ba, kuma jikinsa ne jarinsa. Mai rauni kuwa ba zai yi shela ba, domin duk wanda ya san inda ciwonka yake can zai nufa. Shi ya sa yaron ya zaɓi a kira shi matsoraci da a san hannunsa, har sai da aka taɓo ubansa.

Su ma Turawan da na yi shekaru ina zagi, wata shaidar tana gabana tun kafin wannan kaka, wata kuma ta biyo baya. A Satumbar 2021 Joshua ya shiga da Oleksandr Usyk na Yukren, wanda WBO ta tilasta masa, ya rasa kambunsa duka, ya kuma sake komawa masa a Jidda a 2022. Fury ya kara da Wilder sau uku, ya sha ƙasa a biyu daga ciki ya tashi. Da kuɗin Saudiyya suka isa su gamsar da kowane gida, sai ga Fury da Usyk a Riyad a Mayun 2024, aka sami zakara guda mai kambu duka, abin da rabon a gani tun Lennox Lewis a 1999. Ban ce ba a zille wa juna ba. Ana yi, kuma har yanzu ban sami uzurin da zan ba Bowe ba. Amma labarin mutum ɗaya na 1992 na mayar mudu ina auna kowa da shi, har da mai sayar mini da nama.

Aliero aka mayar da shi, wurin masu ɗori, inda ake kawo karaya daga garuruwa masu nisa. Sai da na yi kwanaki ina jan ƙafa kafin na hau babur na je. Na same shi a zaure, an jera wa hannun sanduna an ɗaure, an rataye masa a wuya. Hannun nan shi ne na wuƙa, don haka ba dambe kaɗai ya tsaya ba, har da fawa. Na ajiye ɗan abin da na riƙo, na yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa, daga ƙarshe na ce masa ni na tura maroƙi.

Ya ce ya sani, tun a fili ya gan ni. Ya ce shi ma da laifinsa, ubangidansa ya hana shi bai ji ba. Sai ya gyara zama ya ce, "Amma Malam, nawa kab ba shi?"

Na faɗa masa.

Ya yi dariya har ɗorin ya motsa ya yamutsa fuska. Ya ce, "Haba Malam. Ko kilon nama bai kai ba."