Wadda Za Ta Gaji Kwamfutar Tebur

A shagunan buga takardu da ke jere a bakin kotuna da ƙofofin manyan makarantu, an yi wani sauyi ba tare da shela ba. Shekarun baya, in ka leƙa za ka tarar da akwatin kwamfuta a ƙarƙashin tebur, fankarsa na gurnani, allon yana sama an yafa masa ƙyalle saboda ƙura, ga UPS a gefe yana kuka duk sanda wuta ta yi ƙasa. Yau kan teburin nan laftof ce a buɗe. Haka abin yake a ofishin shugaban makaranta, da kantin magani, da ɗakin maigida.

Ka tambayi kowannensu dalili, da wuya ya ce maka don tafiye-tafiye ya saya. Wuta ce. Kwamfutar tebur tana mutuwa ne a daidai lokacin da aka ɗauke wuta, ta tafi da duk abin da ba a adana ba, UPS kuwa 'yan mintoci yake ba ka, ka tattara ka kashe. Ga kuma ci: akwati da allonsa sukan ja wat 100 ko fiye idan aiki ya kankama, alhali cajar laftof ta ofis wat 45 ce ko 65. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don buga wasiƙa ɗaya ya zama asara a fili, amma ƙaramin farantin sola da batir ɗaya suna iya riƙe laftof har yamma. A kasuwar duniya, tun wajen 2008 cinikin laftof ya wuce na kwamfutar tebur, saboda mutane suna son aiki a jirgi da otal. Mu nan batirin muke saye, kwamfutar ta biyo shi.

Abin da nake so mai saye ya riƙe kafin ya fita daga gida shi ne, wannan laftof ɗin ba za ta bar tebur ba. Za a ajiye ta inda aka ɗauke waccan, a jona mata firinta, ta wuni tana aiki, wataƙila sau ɗaya a wata a kai ta wani wuri. Amma dubi yadda ake zaɓe a kasuwa. Mutum zai ɗaga ta da hannu ɗaya ya auna nauyinta, ya juya ta ya yaba sirantakarta, ya shafa murfin. Yana biyan kuɗin rashin nauyi a kan abin da ba zai riƙa ɗauka ba. Sirantaka kuma ba kyauta take zuwa ba. Don a matse kwamfuta ta zama kamar littafi, sai an ƙanƙanta fanka, an rage ramukan jona waya, an liƙe RAM a jikin bod da dalma yadda ba mai ƙara ta har abada. Wanda aikinsa yawo ne ya yarda da wannan ciniki, yana da hujja. Wanda zai girke ta a tebur ya yi asara sau biyu.

Babbar falalar kwamfutar tebur, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai an rabu, ita ce tana buɗuwa. Kusoshi biyu ka kwance, ga cikinta a gabanka. Abin rarraba wuta ya ƙone, a cire a sa wani. Allo ya mutu, a aro na maƙwabci a ƙarasa aikin yau. Kibod ya sha shayi, a sayo sabo a bakin titi. A laftof kuwa duk waɗannan jiki ɗaya ne, ciwon ɗaya ciwon duka. Ranar da allonta ya fashe ko bod ya ƙone, shago ya tsaya har sai injiniya ya samo kayan, in ana samunsu. Shi ya sa nake ganin mai neman magajiyar kwamfutar tebur ya nemi wadda ta fi kusa da halin ta tebur, wato irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatan kamfanoni: ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell, EliteBook ko ProBook ta HP. Ba su da ƙyale-ƙyale, wasunsu ma baƙaƙe ne masu kauri, amma an yi su ne don a buɗe a gyara, kuma da yake kamfanonin Turai da Amurka suna sallamar su da yawa bayan 'yan shekaru, kayan gyaransu sun wadata a titin Beirut na Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village ta Ikeja. ThinkPad T480, wadda ta fito a 2018, misali ce mai kyau: gurbin RAM biyu gare ta, ana canja mata ma'ajiya, ɗaya daga cikin batiranta biyu ma da hannu ake zare shi ta baya.

Galibinmu ta hannu muke saye, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai akwai kalmar da ke rufe wa mai saye ido. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan Core i7 ce fa," sai Alhaji ya gyaɗa kai, ciniki ya faɗa. Ba ƙarya aka yi masa ba, amma ba a gaya masa shekarunta ba. Intel tana fitar da waɗannan injina ne zubi-zubi, kuma lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin zubin. In ka ga i7-3520M, zubi na 3 ne, na 2012. In ka ga i5-8250U, zubi na 8 ne, kuma tana da ƙwaƙwalwar aiki huɗu a ciki, alhali i7-7500U da ta girme ta da zubi ɗaya kacal biyu gare ta. Ke nan i5 ƙarama a suna tana iya tsere wa i7 nesa. Wannan lamba ta ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuma, a ƙa'idarta, tana neman zubi na 8 zuwa sama. Masu gyara sun san dabarar cusa ta a tsofaffin injina, tana kuma tashi, amma wanda zai ajiye bayanan ɗalibai ko lissafin kanti na shekaru masu zuwa bai kamata ya gina a kan dabara ba.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. RAM kada ta gaza gigabait 8, in da hali 16. Ma'ajiya ta zama SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba, don bambancin da ke tsakaninsu ko yaro zai gane shi daga kunnawar farko. A tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirrin tsohon kamfani ba. A buɗe murfin a rufe sau da dama, a ji ko mahaɗarsa ta saki.

Batir kuwa, tunda dominsa aka zo, ya cancanci a zauna a kansa. Mai shago zai ce tana yin awa huɗu, kai kuma ba za ka zauna awa huɗu a shagonsa ba. Amma Windows da kanta tana faɗin gaskiya. A buɗe wurin rubuta umarni a buga powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu kusa da juna: abin da batirin yake ɗauka ranar da aka ƙera shi, da abin da yake iya ɗauka yau. In ta farko 50,000 ce ta biyu 20,000, to fiye da rabin batirin ya tafi, sai a cire kuɗin sabo daga farashi. Minti biyu wannan ke ci, kuma mai shago na ƙwarai ba ya jin haushinsa.

Bayan an kawo ta gida sai wata matsalar ta taso, wadda ta keɓanta da laftof mai zaman tebur. Batirin litiyam ba ya son abu biyu: zafi, da zama cike maƙil kullum. Laftof da ke jone da caja dare da rana a ɗakin kwano, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, tana shan duka biyun. Ƙarshenta batirin ya kumbura, ka ga wurin shafa yatsa ya ɗago, ko ƙasan kwamfutar ya yi ciki. Duk wanda ya ga haka ya daina amfani da ita har a cire shi, don yana iya kamawa da wuta. Lenovo da Dell da HP duk sun tanadi wani saiti a irin waɗannan samfura da ke tsayar da caji kafin ya cika, galibi a wajen kashi 80. Na san ran mutum ba ya son haka a ƙasar da ba a san yaushe wuta za ta dawo ba. Kowa so yake ya cika tulunsa tun famfo na zuba. Ga mai sola ko inbata dai, wanda wutarsa ba ta yankewa da rana, saitin nan riba ce tsantsa. Wanda ya dogara da wutar gari kaɗai yana da uzuri in ya bar ta ta cika, amma ya sa a ransa zai sayi batir da wuri. Caja kuma a nemi ta asali ko da ta hannu ce. Jabu mai sauƙin nauyi tana iya kashe bod ɗin da ya ninka ta kuɗi sau da yawa.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Akwatin tebur yana da fili, yana haƙuri da ƙura shekara da shekaru. Laftof kuwa ta ƴar siririyar hanya take numfashi, in ta toshe sai fanka ta yi ta ihu, injin ya rage gudu don kada ya ƙone, mai ita ya ɗauka tsufa ne. Sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, a kai ta a buɗe a busa. Kada a ɗora ta kan katifa ko filo, don ta ƙasa take shaƙar iska.

Akwai kuma jikin mai aikin, wanda ba a sa shi a lissafi. A laftof allo da kibod a haɗe suke: in allon ya yi daidai da ido, hannu ya yi sama, in hannu ya ji daɗi, wuya ya sunkuya. Na awa ɗaya ba komai. Mai buga takardu da ke zaune daga safe har la'asar kuwa, wuyansa da kafaɗunsa za su gaya masa. Don haka kada a yi gaggawar sayar da tsohon allo da kibod da linzami. A jona su, a ɗaga laftof ɗin a kan wani abu, sai a samu allo biyu, ɗaya na takardar da ake kwafa, ɗaya na wadda ake bugawa. Tsohon allo yawanci da waya mai shuɗin kai ta VGA yake aiki, sababbin laftof kuma HDMI gare su, amma akwai ƴar mahaɗa mai araha da ke sasanta su. Kibod na waje yana kuma kare na jikinta daga dukan yatsu. A duba jerin haruffan ma tun a shago, don kayan hannu daga ko'ina suke zuwa: na Jamus an musanya Z da Y, na Faransa da AZERTY yake farawa. Wannan na biyun shi ne ɗan Maraɗi ko Damagaram ya saba da shi, ɗan Zariya kuwa zai yi ta laluben A. Firinta mai amfani da garin tawada ita dai ba ta san an canja komai ba, har yanzu sai an ba ta wuta mai ƙarfi kafin ta ɗumama.

Ba kowa ne ya kamata ya sauya ba. Mai tace fim ko zanen gine-gine, wanda injinsa ke aiki da dukkan ƙarfinsa na sa'o'i, da kuɗi ɗaya zai sami ta tebur da ta fi laftof ƙarfi da sanyi. Gara ya zuba abin da ya rage a inbata.

Abu na ƙarshe da nake lura da shi a gidaje ya fi damuna. Kwamfutar tebur ta kowa ce. A falo take, allonta na kallon jama'a, yara suna layi a kanta, uwa tana wucewa ta ga abin da suke yi, ƙaramin yana koyon linzami daga kallon yayansa. Laftof kuwa da ta shigo sai ta zama ta mutum ɗaya. Maigida ya rufe ta ya sa a jaka ko ya kulle a durowa, don ta yi tsada kuma ɓarawo yana iya cusa ta a hammata ya fice, ya tafi da hotunan suna da takardun fili gaba ɗaya. Tsoron nan yana da tushe, maganinsa kuma a ajiye kwafin muhimman abubuwa a wata ma'ajiyar daban. Amma yaran da ake sa ran za su zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, kamar yadda ake yi tun 2015, su ne suka rasa wurin koyo. In laftof ce za ta maye gurbin waccan, a buɗe wa yara nasu shafin shiga da ba ya taɓa fayilolin babba, a jona musu kibod na waje, a kuma tsayar da lokacin da za ta zauna a falo, ko da bayan sallar isha ne.